DARASI A KAN FADAMAR BATURIYA

Darasinmu na wannan wata a kan wani wuri ne cikin ƙasar Haɗejiya wanda sunansa ya kai har ƙasashen ƙetare, amma da yawa cikinmu 'yan ƙasa ba mu san darajarsa ba. Sunan wurin Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Sau uku hukuma ta rubuta sunansa cikin jerin wuraren da a ke tsaro. Duk da haka, in ka zauna da masunta da manoman wurin, za su gaya maka fadama ba ta da lafiya. To, ƙaƙa wurin da a ke tsaro zai rasa lafiya? Wannan ita ce tambayar da za mu bi. Sai mu fara daga inda ruwan ya ke fitowa.

1. Inda Ruwan Ya Ke Fitowa

Kogin Kano da Kogin Calawa sun gamu kusa da Wudil, suka zama kogi ɗaya, shi ne Kogin Haɗejiya. Daga kudu kuwa Kogin Jama'are ya gangaro daga duwatsun Jos. Muddin waɗannan koguna suna bisa ƙasar dutse, gudu su ke yi. Amma sa'ad da suka iso wajen Haɗejiya sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ga kuma tsofaffin jigayi na yashi a kwance jere da juna, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta kai nan. Daga irin waɗannan jigayi ne Jihar Jigawa ta sami sunanta.

Da ruwa ya rasa hanyar gudu sai ya rarrabu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya bi Burum Gana, wani kuma ya bi Marma ya zuba cikin Tafkin Nguru. Tsakanin jigayi duka ruwa ya kan malala, ya zama tafkuna da kududdufai ba iyaka. Wajen Gashuwa abin da ya rage na ruwan ya sake haɗuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Wannan babbar fadama ita a ke kira fadamar Haɗejiya da Nguru. Baturiya wani yanki ne nata, Kogin Kafin Hausa ne kuwa ya ke shayar da shi.

Ku lura da wannan tun yanzu: yawancin ruwan da ke raya Baturiya ba a Baturiya ya ke sauka ba. Daga ƙasar Kano ya ke zuwa, tafiyar kwanaki.

2. Shekarar Fadama

Mutumin tudu ya san damina da rani. Mutumin fadama yana da ƙari a kan wannan, watau zuwan ambaliya da janyewarta.

Da ruwan sama ya sauka wajen watan Yuni, manomi ya kan shuka shinkafa cikin kwari tun ƙasa ba ta nutse ba. Cikin Agusta kogi ya cika ya fara hawa gaɓa. Shinkafa tana tsawo, ruwa yana hawa, suna tafiya tare. A lokacin nan ne kifi ya ke barin kogi ya shiga cikin ciyawar da ruwa ya rufe, ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi ƙiba. Tarwaɗa, da karfasa, da kurungu, da ragon ruwa, duk a nan su ke yaɗuwa.

Da kaka ta yi, ruwa ya soma komawa. Masunci ya tare kifi a bakin hanyarsa, manomi ya yanke shinkafa. Sa'an nan ya bi bayan ruwa yana shuka wake cikin danshin da ya bari, ba ban-ruwa, ba taki, gama ambaliya ta riga ta zubar da laka mai albarka. Bayan an cire amfanin gona Fulani su iso da shanu, su ci ciyawar da ta rage kore sa'ad da tudu ya bushe ƙurmus. Shanu kuma su bar wa manomi taki. Da bazara ƙananan hanyoyin ruwa su ƙafe, ƙasa ta tsattsage, gaiwa ta shige cikin laka ta kwanta tana jiran wata damina.

Kun gani, fili guda ne, amma masunci da manomi da makiyayi kowa ya ci rabonsa, bi da bi. Ban da su akwai masu yankan kaba ta goruba domin tabarma da igiya, da masu haƙar bado, da masu ɗiban kanwa, da masu cin zuma. Hausawa, da Badawa, da Mangawa, da Fulani, mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke samun abinci daga wannan babbar fadama.

Akwai kuma wani amfani wanda ido ba ya gani. Sa'ad da ruwa ya kwanta wata biyu ko uku bisa ƙasa, wani kashi nasa ya kan tsuma ya shiga ƙarƙashi. Shi ne ruwan da mata ke ja daga rijiyoyi da rani, har a garuruwan da ke nesa da bakin kogi. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A nan kuwa da ruwan fadama a ke cika ta.

Abin da za mu riƙe a wannan kashi ke nan: ran fadama abu biyu ne, zuwan ruwa a kan kari, da komawarsa a kan kari. In ɗaya ya ɓaci, duka ya ɓaci.

3. Baƙi Daga Nesa

Kowa ya san shamuwa, mai zuwa daga kudu ta yi mana albishirin damina. Amma fadama tana da waɗansu baƙi masu zuwa daga arewa sa'ad da shamuwa ta ke shirin tafiya. Cikin ƙasashen Turai da Rasha, in sanyi ya matso, tafkuna su kan daskare, tsuntsayen ruwa su rasa abinci. Sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara. Bayan wannan doguwar tafiya wuraren hutawa kaɗan ne a bakin hamada: fadamar Kogin Sanagal, da fadamar Kwara cikin ƙasar Mali, da Tafkin Cadi, da fadamarmu ta Haɗejiya. A nan ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su ke cin hunturu, sa'an nan wajen watan Maris su koma gida su yi sheƙa.

Suna tarar da 'yan gida, watau dinya, da kirinjijiya, da zalɓe, da balbela. Masana sun rubuta tsuntsaye fiye da iri 370 cikin fadamar Haɗejiya da Nguru. A watan Janairu na 1997 masu ƙirga suka sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000. Wani lokaci a kan sami tsuntsu da ɗan zobe na ƙarfe a ƙafa, da lamba da rubutun boko. Masu binciken tsuntsaye ne na wata ƙasa suka sa masa, domin su san hanyar da ya ke bi.

Saboda waɗannan baƙi ne mutanen ƙetare suka fara sa ido a kan fadamarmu. A shekara ta 1987 aka kafa aikin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru, da taimakon ƙungiyoyin gida da na waje. A 1989 Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona cikin ƙasar Bade domin ya ga tsuntsayen da idonsa.

4. Takardu Uku

Yanzu sai mu duba matsayin Baturiya wajen hukuma.

Ta fari. Tun wannan yanki yana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, gwamnati ta keɓe dajin Baturiya ya zama gandun namun daji. Cikin gandu irin wannan ba a farauta ko saran itace sai da izini.

Ta biyu. Ran 2 ga Fabrairu, 1971, wakilan ƙasashe suka taru a wani gari mai suna Ramsar cikin ƙasar Iran, suka ƙulla alkawari za su kiyaye fadamu da tafkuna masu muhimmanci ga duniya. Nijeriya ta shiga alkawarin a shekara ta 2000, wuri na fari da ta rubuta kuwa shi ne Tafkin Nguru da Marma, hekta 58,100. A 2008 aka ƙara Baturiya, wajen hekta 101,000. Ya kamata mu fahimci wannan alkawari sosai. Ba ya korar mutane daga fadama. Abin da ya ke nema shi ne a ci amfaninta da hankali, yadda ba za ta mutu ba. Ba ya kuma aiko da 'yan gadi daga waje. Nauyin tsaro yana wuyan ƙasar da ta rubuta sunan.

Ta uku. A shekara ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mai da gandaye goma su zama gandayen ƙasa, a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Baturiya tana cikinsu, tare da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Wannan shi ne matsayi mafi girma da daji ya ke samu a ƙasarmu.

Ga takardu uku, kowace ta fi ta bayanta nauyi. Amma takarda tana iya shata iyaka ne kawai. Ɗan gadi yana iya tsare mai gatari a bakin daji, ba shi da iko ya ce wa kogi, zo yau, koma gobe.

5. Ciwon Fadama

A shekara ta 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 aka gama ta Calawa. Kada mu ce waɗannan ayyuka mugunta ne. Daga gare su birnin Kano ya ke shan ruwa, da ruwan Tiga kuma a ke noman shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura. Amma aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani. Watau ta taɓa abu biyun nan da muka ce su ne ran fadama.

Da fari ambaliya ta ragu. Kafin a gina Tiga, a shekara mai albarka ruwa ya kan rufe wajen murabba'in kilomita 2,000. A 1993 abin da ya rufe bai kai 500 ba. Fari na shekarun 1970 da na 1980 shi ma ya sa hannu cikin wannan. Gonakin shinkafa da yawa suka koma tudu, kifi ya ragu, itatuwan giyayya da bagaruwa masu son ambaliya suka bushe a wurare da dama. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abin. Suka tarar ruwan da aka bari ya malala cikin fadama yana ba da amfani na hatsi da kifi da itace wanda ya ninka, nesa ba kusa ba, abin da ruwa daidai wannan ya ke bayarwa a gonakin ban-ruwa na sama.

Na biyu ya fi ban mamaki, gama ciwo ne na yawan ruwa. Hanyoyin da dā su kan ƙafe da bazara, yanzu ruwan da madatsu ke saki yana kwance cikinsu shekara duka. Akwai wata doguwar ciyawa, kacalla, wadda ba abin da ta ke so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Dā rani ne ke kashe ta. Da rani ya daina zuwa cikin kogi sai ta yaɗu, tun daga shekarun 1990, ta fi mutum tsawo, ta cushe hanyoyi. Laka ta taru a gindinta, kogi ya toshe. Ruwa kuwa ba ya tsayawa, sai ya nemi wata hanya. Da haka ya karkata ya yi yawa wajen Marma da Nguru, ya cinye gonaki da wuraren kiwo, waɗansu rassa kuwa suka rasa rabonsu. Maƙwabta biyu, ɗaya yana kukan ruwa ya ci gonarsa, ɗaya yana kukan ƙishi.

Kacalla ba ita kaɗai ta zo ba. Cikinta jan-baki ya ke kwana dubu dubu, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Cikinta sauro ya ke haihuwa, da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Jirgin masunci ba ya ratsa ta. A shekarar ruwa mai yawa kuma, kamar 2020 da 2022, kogin da ya toshe ba ya iya ɗaukar ruwan, sai ya fasa cikin garuruwa. Mutanen Kirikasamma, da Guri, da Auyo, da Haɗejiya ba su bukatar a ba su labarin wannan.

Na uku, hannunmu ne. Mutane sun ƙaru, gonaki sun matsa cikin gandu. Ana saran itace ɗanye ana lodinsa a mota zuwa birane. Ana kama kifi da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko ɗan tsako, waɗansu har su zuba maganin ƙwari cikin tafki. An nome burtali, makiyayi ya rasa hanyar kai shanu ruwa, abin da dā a ke yi bi da bi ya zama abin faɗa, har a yi hasarar rai. Ba za mu ɗora wa Tiga wannan ba.

6. Misali Daga Waɗansu Ƙasashe

Domin mu gane cewa wannan doka ta ruwa ba a kanmu kaɗai ta ke ba, bari mu leƙa wata irin fadama dabam. A ƙasashen sanyi kamar Ailan da Sikotilan da Finlan akwai fadamu waɗanda ba su bushewa ko kaɗan. Ciyawa da gansakuka in sun mutu sai su nutse cikin ruwa, iska ba ta kai gare su, saboda haka ba su ruɓewa sarai. Shekara bisa shekara suna taruwa, suna danne juna, har su zama baƙar ƙasa mai laushi wadda Turawa ke kira fit. Taruwarta a hankali ce ƙwarai, wajen milimita ɗaya a shekara. Kaurin mita ɗaya, watau kamar kamu biyu, aikin shekara 1,000 ne. Mutanen wurin sun daɗe suna yankanta kamar tubali, su shanya, su hura wuta da ita. Akwai irinta a ƙasashe masu zafi kuma. A 2017 masana suka bayyana wata babba ƙwarai cikin kurmin Kwango. Fadamarmu ba ta tara irin wannan ƙasa, gama rani yana busar da ita kowace shekara.

Irin waɗannan fadamu kashi 3 ne kawai cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya, amma kabon da ke ɓoye cikinsu ya fi wanda ke cikin itatuwan dukan dazuzzukan duniya. In aka haƙa lambatu aka janye ruwan, ƙasar ta kan bushe, kabon ya fita ya shiga iska ya ƙara wa duniya zafi. Wuta kuma tana iya kama ta ta ƙarƙashi. Haka ya faru a Indunusiya a 1997 da 2015, hayaƙi ya rufe ƙasashe maƙwabta wata da watanni. A arewacin Sikotilan, cikin shekarun 1980, aka janye ruwan wata babbar fadama aka dasa itatuwan katako. Daga baya suka gane kuskure, suka shiga sare itatuwan suna toshe lambatun domin ruwa ya komo. A 2024 aka sa wurin cikin jerin wuraren gadon duniya.

Tasu fadama tana mutuwa in ta bushe. Tamu tana ciwo in ta rasa ambaliya, tana kuma ciwo in ta rasa rani. Amma darasin ɗaya ne: kowace fadama tana da ma'aunin ruwanta, wanda ya ke so ya tsare ta sai ya tsare wannan ma'auni. Mun kuma koya daga Sikotilan cewa abin da aka ɓata yana gyaruwa, in an yarda an yi kuskure.

7. Abin Da Ya Wajaba

Akwai rabon hukuma. Masana sun daɗe suna ba da shawara a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa cikin damina, domin ya zama kamar ambaliyar dā, a kuma rage sakinsa da rani yadda kacalla za ta sha wuya. A 2006 jihohi shida masu shan wannan ruwa, watau Kano, da Jigawa, da Bauci, da Filato, da Yobe, da Barno, suka taru a Damaturu suka amince da kafa asusu domin gyaran kogin. Daidai ne talakawa su riƙa tambayar wakilansu inda wannan magana ta kwana, da ladabi, amma ba fasawa.

Akwai kuma rabonmu, gama wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na ɗaya, aikin gayya. Garuruwa da dama sun riga sun gwada fita tare su buɗe hanyar ruwa. A yanke kacalla ƙarƙashin ruwa, gama in ruwa ya rufe kututturen ba ta samun iska, sai ta ruɓe. A bakin Kogin Sanagal har gawayi a ke yi da ita, ya rage saran itace.

Na biyu, a bar kifi ya haihu. Kada a zuba magani cikin ruwa, kada a sayi kifin da aka kashe da magani.

Na uku, a bar burtali a buɗe, makiyayi kuma ya jira a kwashe amfanin gona. In magana ta taso a kai ta gaban mai gari da Sarkin Ruwa da Arɗo tun ba ta yi zafi ba.

Na huɗu, wanda ya sare itace ɗaya ya dasa biyu, ya kuma tsare su daga awaki har su girma.

Na biyar, a koya wa yara sunayen tsuntsaye da na kifi da na itatuwa. Yaron da ya san sunan abu ba ya saurin hallaka shi. A gaya musu tsuntsun hunturu baƙo ne wanda ya ƙetare hamada, mu kuwa ba a san mu da wulakanta baƙo ba.

'Yan'uwa, kakanninmu ba su da takarda ko ɗaya, amma suka bar mana fadama da rai. Mu muna da takardu uku. Abin kunya ne ƙwarai in muka miƙa wa jikokinmu takardu, fadama kuwa ta zama kacalla da yashi. Allah ya ba mu hikima da haɗin kai.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ran fadama?
2. Ƙaƙa ambaliya ta ke taimakon rijiyoyin da ke nesa da kogi?
3. Faɗi takardu uku na Baturiya. Mene ne takarda ba ta iya yi?
4. Me ya sa kacalla ta yaɗu bayan an gina madatsu?
5. Ina bambanci tsakanin fadamarmu da ta Sikotilan, ina kuma suka yi kama?
6. Tambayi wani dattijo a garinku irin kifi da tsuntsayen da ya sani yana yaro waɗanda ba a gani yanzu. Rubuta sunayensu ka kawo aji.
7. Cikin abubuwa biyar na kashi na bakwai, wanne garinku zai iya farawa kafin damina mai zuwa?